Waƙa a Bakin Mai Ita: To, Wane ne Mai Ita?

Masu iya magana kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mun daɗe muna jefa wannan karin magana a cikin aji da wajensa, ba tare da mun tsaya mun tambayi kanmu abin da muke nufi da "mai ita" ba. Shin wanda ya ƙaga ta ne? Ko wanda ya san fassararta? Ko kuwa duk wanda ya buɗe ido ya tarar da ita a bakin uwarsa, ya ɗauka, ko da bai san ma'anar kalma ɗaya daga cikinta ba? Wani zai ce wannan irin gardamar malaman adabi ce, wadda ake yi don cinye lokaci. To amma akwai wata al'umma a gaɓar tekun Amurka wadda a wurinta amsar wannan tambaya ce ke nuna wa mutum ko yana da asali ko ba shi da shi. Su ne mutanen Gullah.

Gullah, waɗanda a jihar Jojiya aka fi kira Geechee, jikokin bayin Afirka ne da aka zube a tsibirai da fadamun bakin tekun Atlantika, musamman a Karolina ta Kudu da Jojiya. Arzikin wannan yanki a ƙarni na 18 shinkafa ce, kuma Turawan da suka mallaki gandayen sun fi kwaɗayin bayin da aka kwaso daga ƙasashen da suka gaji noman shinkafa, wato daga Sanigal zuwa Saliyo. Wurin kuwa matattarar sauro ne. Da zafi ya kama sai iyayengijin su tsere zuwa birnin Charleston ko kan tudu don gudun zazzaɓi, su bar bayi da 'yan masu sa ido. Ga ruwa ya kewaye tsibiran, babu gada. Wannan keɓewa ce ta ba su damar riƙe abubuwa da dama waɗanda suka kuɓuce wa sauran baƙaƙen Amurka: harshe nasu na kansu, gaurayen Ingilishi da harsunan Afirka, da ɗinkin kwanduna da faya-fayai na ciyawa, da girkin shinkafa, da tatsuniya, da waƙa.

Abin da ba su samu ba shi ne takarda. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunan bawa. A ƙarƙashin sunan ubangijinsa ake jera shi: shekarunsa, namiji ne ko mace, da launin fatarsa, shi ke nan. Sai a ƙidayar 1870, bayan an 'yanta bayi, yawancinsu suka fara bayyana da sunayensu. Saboda haka Bagulle mai neman salsalar gidansu yakan yi ta bin takardu da baya-baya har ya isa 1870, daga nan sai ya yi karo da bango. In ya yi sa'a ya tsinci sunan kakan kakansa a takardar rabon gado, tsakanin shanu da kujeru, da farashinsa a gefe. Wanda aka hana wa takarda kuwa dole ya koma ga abin da ba a iya ƙwace masa a bakin jirgi ba, wato abin da ke cikin maƙogwaronsa da ƙafafunsa. Ta haka waƙa da motsin jiki suka zama wa Gullah kundin tarihin iyali.

Bari mu ɗauki labari ɗaya mu ɗan daɗe a kansa. A farkon shekarun 1930 wani masanin harshe baƙar fata ɗan Amurka, Lorenzo Dow Turner, ya shiga tsibiran nan da wata jibgegiyar na'urar ɗaukar magana. A zamanin, ra'ayin da ya yi rinjaye tsakanin masana shi ne harshen Gullah gurɓataccen Ingilishi ne kawai, irin gwalantun yara, babu ɓurɓushin Afirka a cikinsa. Turner ya yi shekaru yana rushe wannan ra'ayi, har ya fitar da littafinsa Africanisms in the Gullah Dialect a 1949, inda ya jera dubban kalmomi, akasarinsu sunayen mutane, ya danganta su da harsunan Afirka, har da Hausa a ciki. A wani ƙauyen masunta mai suna Harris Neck a Jojiya ya gamu da wata mata, Amelia Dawley, ta rera masa wata 'yar gajeriyar waƙa mai layi biyar. Ba da Ingilishi take ba, ba kuma da Gullah ba. Amelia ba ta san wane harshe ba ne. Abin da ta sani, a bakin uwarta ta ji. Sai bayan wasu shekaru wani ɗalibi ɗan Saliyo mai karatu a Amurka, Solomon Caulker, ya saurari faifan ya ce ai wannan Mende ne, harshensu.

An yi shekara kusan arba'in bayan littafin Turner kafin a koma kan maganar. Wasu manazarta uku, Joseph Opala da Cynthia Schmidt da Tazieff Koroma, suka ɗauki muryar Amelia suka shiga ƙasar Mende. Wata kalma ɗaya a cikin waƙar ce ta nuna wa Koroma karin harshen wani yanki na kudancin Saliyo. Suka yi ta yawo ƙauye-ƙauye suna kunna wa tsofaffi, ana girgiza kai. A 1990, a wani ƙauye mai suna Senehun Ngola, wata mata, Baindu Jabati, ta ji ta kama rerawa tare da faifan. A wurin kakarta ta koya. Kuma ita ta san abin da waƙar take: waƙar makoki ce ta mata, ta wani bikin sallamar mamaci wanda sunansa ke nufin ƙetare kogi, ana kiran jama'a su hallara a kan kabari, ana roƙa wa wanda ya tafi kwanciyar hankali. Can a Jojiya kuma aka gano 'yar Amelia, Mary Moran, wadda take yarinya lokacin da Turner ya zo gidansu, tana nan da waƙar a bakinta. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, a gidansu waƙar ta daɗe da zama waƙar wasa, wadda uwa ke yi wa yara suna tsalle. Yaƙin basasar Saliyo da ya ɓarke a 1991 ya jinkirta haɗuwarsu, sai a 1997 Mary Moran da iyalinta suka taka ƙasar Senehun Ngola. An nuna wannan tafiya a wani fim na 1998, The Language You Cry In, wato harshen da mutum ke kuka da shi.

To, a cikin matan nan biyu, wace ce mai waƙar?

Mai tsattsauran ra'ayi zai ce Baindu ce, babu ja. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce. Waƙa ba sauti ba ce kurum; ma'ana ce da muhalli. Wanda ya ɗauki kukan mutuwa ya mayar da shi abin rarrashin yaro, ai ɓawo ya riƙe, ƙwayar ta faɗi tun a hanya. Aku ma yana maimaita sallama, amma ba wanda ya taɓa cewa ya san zaman lafiyar da yake yi wa mutane fata. In har maimaita sauti ya isa ya mai da mutum magaji, to faifan Turner ma magaji ne.

Mun yarda da rabin wannan magana, mun ƙi rabi. Bambancin aku da Amelia Dawley shi ne aku ba ya zaɓen wanda zai miƙa wa abin da ya haddace, ba ya kuma jin cewa wani abu zai salwanta in ya yi shiru. Mu yi tunanin macen farko da ta sauka daga jirgi da wannan waƙa. An raba ta da sunanta, da danginta, da kabarin iyayenta. Ba ta da ikon yi wa kowa irin jana'izar da ta sani. Cikin duk abin da ke kanta, waƙar binne mamaci ce ta tsira, ta sa a bakin 'yarta. 'Yar ta rasa harshen, amma ba ta yar da waƙar ba, ta sa a bakin tata 'yar. Kowace daga cikinsu tana da dalilin barin ta: ba a sayen abinci da ita, ba a yin ta a coci, maƙwabta ba su san ta ba. Duk da haka ba a bari ba. Mu a ganinmu sunan wannan aiki amana. Ɗan aiken da aka ba wasiƙa a rufe ba a tambayarsa abin da ke ciki. Abin tambaya shi ne ko ya kai ta yadda aka ba shi. Matan Harris Neck sun kai ta, har mai jin Mende ya iya karanta ta bayan zuriya da zuriya. Hasali ma wasan yaran da ake gani kamar ƙasƙanci ne ga waƙar, shi ne tukunyar da ta adana ta. Abin da yara suka kama ba ya mutuwa da wuri, domin yaro ba ya neman fassara kafin ya haddace. Duk wanda ya taɓa zama ya rubuta waƙoƙin gaɗa ko na tashe ya san yadda ake cin karo da kalmomin da babu tsohuwar da za ta iya warware su, amma ga su nan daram.

Sai dai in muka tsaya a nan, mun mai da Mary Moran mai ajiya kawai, Baindu kuma mai kaya. Wannan ma bai yi daidai ba. A Senehun Ngola shi kansa bikin da waƙar ke tafiya da shi ya riga ya kau tun kafin zuwan manazartan, sakamakon shigowar Musulunci da Kiristanci. Baindu ba a bakin kabari ta gaji waƙar tana aiki ba. Ita ma ajiya kakarta ta ba ta. Wato ɗaya ta riƙe sauti ba ma'ana, ɗaya ta riƙe ma'ana ba muhalli. Babu wadda take da ita cikakkiya. Kuma in ana maganar abin da aka biya, wa zai ce wadda kakanninta suka ƙetare teku a cikin mari da waƙar a baki ba ta biya kuɗin mallakarta ba?

Yanzu ga inda ya kamata mu taka a hankali, domin daɗin labari yakan sa mai bincike ya yi wa hujja ƙari. Me waƙar ta tabbatar? Ta tabbatar da cewa wata mai jin Mende ta isa gaɓar Jojiya, kuma an yi ta miƙa abin da ta zo da shi hannu da hannu ba tare da yankewa ba. Ba ta tabbatar da cewa jinin Mary Moran daga Senehun Ngola ya fito ba. Waƙar makoki ba ta ƙauye ɗaya ba ce. Yana yiwuwa garuruwa da yawa sun san ta a da, ta rage a guda. Yana yiwuwa kuma macen farko ba haihuwar zuriyar ta yi ba, goyo ta yi, ko maƙwabciya ce a gandu. Kama da wane ba ta wane. Waƙa shaidar miƙawa ce, ba shaidar haihuwa ba, kuma wanda ya tilasta mata ta faɗi abin da ba ta gani ba ya sa ta shaidar zur.

Kwatanta wannan da labarin Priscilla. A 1756 wani jirgi mai suna Hare ya kawo wata yarinya 'yar kimanin shekara goma daga Saliyo zuwa Charleston, wani mai gandun shinkafa, Elias Ball, ya saye ta. Gidan Ball masu rubuta dukiyarsu ne dalla-dalla, don haka aka iya bin zuriyarta a littattafansu har zuwa wata jikanyarta, Thomalind Martin Polite, wadda ta ziyarci Saliyo a 2005. Nan ga jini, ga shekara, ga sunan jirgi. Amma Priscilla sunan da mai saye ya laƙaba mata ne. Sunan da uwarta ta raɗa mata, da harshen da ta yi kuka da shi a cikin jirgin, babu su a takarda, domin mai lissafin dukiya ba ruwansa da su. Takarda ta ba da jini ba murya, waƙa ta ba da murya ba suna. Wanda ya ce lallai ta farkon ce tarihi, ta biyun kuwa tatsuniya, ya manta wanda ya riƙe alƙalamin.

Mu kanmu ba mu tsira daga kwaɗayin yi wa hujja ƙari ba. A tsibirin Sapelo an yi wani bawa Musulmi, Bilali Muhammad, mutumin Timbo ta Futa Jalo, wanda ya bar ɗan rubutun Larabci mai shafi 13 da ke ajiye a Jami'ar Jojiya. A hirarrakin da aka buga a 1940 cikin littafin Drums and Shadows, zuriyarsa sun tuna da wata wainar shinkafa da tsofaffinsu ke yi su raba wa yara, suna kiranta saraka. Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya ji sadaka a nan, kuma wannan dangantaka mai ƙarfi ce, don ga sunan, ga aikin, ga Musulmin da aka gada. Amma akwai wata wadda ba ta kai ta ƙarfi ba. Turner ya yi hasashen cewa sunan ibadar zagayen da Gullah ke kira shout daga kalmar Larabci shauɗi ya fito, wato zagaye ɗaya na ɗawafi. Da yake su ma ta hagu suke zagayawa, zuciya tana son ta amince nan take. Sai dai zagayen da'ira ta hagu sananne ne a bukukuwan al'ummomin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da dama waɗanda ba su da alaƙa da Makka, kamar yadda masanin tarihi Sterling Stuckey ya nuna. Hasashe ne mai daɗin ji, a bar shi a matsayinsa na hasashe.

Wannan ibadar zagaye ce ta kawo mu ga ɓangaren tambayar da ya fi wuya, wato dandamali. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, dokar Karolina ta Kudu ta 1740 ta hana bayi ganga da ƙaho. Sai sanda ta maye gurbin ganga: mutum ɗaya na dukan daɓen katako da ita, wasu na tafi, mai bayarwa na jefa waƙa 'yan amshi na karɓa, masu zagaye kuma na jan ƙafa a ƙasa ba tare da sun ɗaga ta sosai ko sun gitta ɗaya kan ɗaya ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe muhimmi ne, domin a wurinsu gitta ƙafa shi ne rawa, rawa kuwa ta duniya ce, ba a yin ta a ɗakin ibada. Ke nan duk lokacin da mu manazarta muka rubuta "rawar Gullah", mun riga mun saɓa wa masu abin tun daga suna. Masana da dama sun ɗauka al'adar ta mutu, alhali wasu dangi a ƙauyen Bolden na gundumar McIntosh a Jojiya suna nan suna yin ta kowane daren 31 ga Disamba, daren da ake tunawa da jiran shelar 'yanta bayi ta 1 ga Janairun 1863. A 1980 suka fara fitar da ita gaban jama'a da sunan McIntosh County Shouters, sanye da tufafin irin na kakanninsu, kuma a 1993 hukumar raya fasaha ta Amurka ta ba su babbar lambarta ta masu riƙe al'adun gargajiya.

Shin ya halatta a ɗauki abin da aka yi don Ubangiji, ko don mamaci, a kai shi inda ake sayen tikiti a tafa? Tambayar ta shafi Senehun Ngola ma, domin a 1997 sai da mutanen garin suka sake shirya bikin makokin da aka daina, don baƙi su gani, ga kyamara na ɗauka. Makoki ba gawa, me ke nan? Mai suka zai ce wasan kwaikwayo. Mu kuwa muna ganin akwai gawa. Macen da ta fita da waƙar ba ta dawo ba, ba wanda ya yi mata wannan sallama a inda ta mutu, kuma ga waɗanda suka gaji muryarta a tsaye. Makokin ya makara ne kawai.

Wannan ba yana nufin kowane dandamali ya tsarkaka ba. A 1922 aka kafa wata ƙungiya a Charleston mai suna Society for the Preservation of Spirituals. Membobinta Turawa ne, akasarinsu 'ya'ya da jikokin masu gandaye. Sukan sa tufafin iyayengijin zamanin bauta su hau dandamali su rera waƙoƙin ibadar Gullah da harshen Gullah. A yi musu adalci: sun tattara waƙoƙi da yawa da ƙila da sun ɓace, kuma su ma a ƙuruciya suka ji su, a bakin matan da suka yi renonsu. In miƙawa kaɗai ce sharaɗi, to sun cika shi, kuma wannan ya nuna mana cewa ma'aunin da muka kafa a baya bai wadatar ba. Abin da ya rage shi ne: me waƙar take tunawa a bakin mai yin ta? A bakin jikan bawa tana tuna wahala da yadda aka tsira daga gare ta. A bakin jikan ubangiji, cikin rigar kakarsa, tana tuna wani zamani da ake kewa. Kalmomi ɗaya, kari ɗaya, shaida biyu masu karo da juna. Mutanen Bolden kuwa, bayan sun sauko daga dandamalin manyan birane, gida suke komawa su yi abinsu a daren ƙarshen shekara, inda babu ɗan kallo. Rijiya ce mai ruwa ake ɗiba a kai kasuwa. Ranar da ya zama sai a kasuwar kaɗai ake samun ruwan, to a ranar za mu sake magana.

Mu da muke tura ɗalibai ƙauye da rikoda kowace shekara, akwai abin da ya shafe mu a nan. Ba don faifan Turner ba, da Baindu Jabati ba ta taɓa jin muryar Amelia Dawley ba. Ɗaukar murya ba sata ba ce. Amma faifan bai zama alheri ga masu waƙar ba sai ranar da aka ɗauke shi daga ma'ajiya aka mayar da shi kunnen mutane, kuma kafin hakan ta faru an yi fiye da shekara hamsin. Kaset nawa ne ke kwance a ofisoshinmu waɗanda tsofaffin da suka cika su sun rasu, jikokinsu ba su ma san da su ba?

Ɗan kallo ma yana da nasa hisabin, don ana iya son waƙa a ƙi mai ita. Tun da aka gina gada zuwa tsibirin Hilton Head a 1956, filayen Gullah suka shiga komawa otal-otal da filayen wasan attajirai. Yawancin filayen na gado ne da ba a raba a takarda ba, don haka a da ya isa ɗan kasuwa ya sayi kason magaji ɗaya ya nemi kotu ta sa a sayar da duka. Majalisar Dokokin Amurka ta ayyana yankin a matsayin zirin al'adun Gullah da Geechee a 2006, baƙi na tururuwa kallon zagaye da sayen kwando, masu zagayen kuwa haraji na korarsu daga inda aka binne kakanninsu.

Harris Neck, inda Amelia Dawley ta tsaya gaban na'urar Turner, ba ƙauye ba ne yanzu. A 1942 gwamnatin Amurka ta karɓe ƙasar don gina filin jirgin saman soja, aka tashi mutanen cikin 'yan makonni, aka rushe gidajensu. Da yaƙi ya ƙare ba a mayar musu ba. A 1962 aka mai da wurin gandun kare tsuntsaye da namun daji. A 1979 wasu daga cikin zuriyar suka koma suka kafa tantuna a kan ƙasar, aka kama wasunsu. Maƙabartarsu tana nan a ciki.